Takalmin Hagu

A unguwar Sharafiyya ta birnin Jidda, in madaurin takalminka ya tsinke kuma kana son kada kowa ya san ya taɓa tsinkewa, wurin Idris za a tura ka. Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, yana maƙale tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da ful, dafaffen waken Larabawa, amma duk unguwar an san shi. Dukanci gadonsa ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa don aikin hajji, ya iso Jidda bayan shekara shida da basilla a jaka, bai sake komawa ba. Uban Idris ya bar masa basillar nan da karatu guda ɗaya: gyaran kirki shi ne wanda mai kayan ma zai nema ya rasa. Idris ya riƙe maganar har ta wuce kan takalmi. In kofi ya fashe a gida ya liƙe shi, in 'yan'uwa suka saɓa ya shafe zancen, in yana fama da zazzaɓi aka tambaye shi jiki ya ce alhamdu lillahi ya kawo wata hirar. Mutumin kirki ne, amma irin kirkin nan da ke gajiyar da na kusa.

Mahaifiyarsu, Hajiya Mastura, tana zaune tare da shi a tsohon gidansu na unguwar Sa'alaba. Idonta ya rufe shekara tara da suka wuce, amma ba ta bar kowa ya ja ta ba. Ta san gidan da tafin ƙafa, ta kuma san wanda ya shigo ba sai an gaya mata ba, don takalman da aka tuɓe a bakin falo take lalubawa. Shekara arba'in ta yi tana auren baduku, hannunta ya san fata.

Babban ɗanta shi ne Shafi'u, yayan Idris, tsohon direba a tashar jiragen ruwa. Da yake ɗan fari ne, Hajiya Mastura ba ta faɗin sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta taɓa jikinsa. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, wadda ta taho da ita tun tana yarinya kuma rayuwar Jidda ba ta kankare ba. Jikokinta suna ganin abin dariya ne, su yi ta tsokanarta da Larabci su ce ta faɗi sunan ammu, wato baffansu, sau ɗaya kawai, ta kore su da carbi. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Shafi'u yakan zo cin abinci. Ya tuɓe takalmi ya shige. Ita kuma ta fito da lalube, ta durƙusa, ta goge ƙurar takalman da gefen mayafinta, ta juya su su fuskanci ƙofa, sannan ta ce wa Idris, "Yayanka ya zo." Iyakar abin da take nunawa ke nan, kuma Shafi'u bai taɓa neman ƙari ba.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wata 'yar ƙusa ce ta soki Shafi'u a ƙafar hagu, ga shi da ciwon suga. Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara hawa. Likitocin Jidda suka yi iya nasu, daga baya takardu suka fito na fita Jamus, aka rubuta Idris a matsayin mai jinya. Ranar tafiya uwar ta ce masa, "Ka kula da yayanka." Da ya ce to, da shi ke nan. Amma Idris ba ya iya barin magana da ɓaraka. Ya ce, "Ummi, da ƙafafunsa biyu zai dawo miki, in sha Allahu." Ba ta roƙe shi wannan alkawari ba, shi ya ɗora wa kansa. Har sabon takalmi ya ɗinka wa Shafi'u na dawowa, na fatar raƙumi, ya naɗe a takarda ya sa a ƙasan akwati.

Kwana goma sha ɗaya da saukarsu, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Idris ya yi abu ɗaya da ba a saba gani ba a asibitin: ya ce a ba shi ƙafar. Aka yi ta kai-komo da takardu, daga ƙarshe wasu Turkawa na wani masallaci suka shiga maganar, suka kai shi ɓangaren Musulmi a wata maƙabarta a bayan gari. Da hannunsa ya naɗe ta a farin ƙyalle, da hannunsa ya mayar da ƙasa. A hanyar dawowa ya kira gida ya ce wa uwar an yi aiki an dace, yaya yana gaishe ta. Da ya kashe wayar sai ya ji motar ta yi masa ƙunci, ya ce a sauke shi a tsakiyar gari zai taka da ƙafa.

Ana yayyafi. Yana sanye da takalmin da ya ɗinka wa kansa, buɗaɗɗe irin na Hijaz, da safa biyu a ciki, don ya rantse ba zai sa ɗinkin inji ba ko sanyi zai kashe shi. Ya bi wani titi mai shaguna masu gilashi, ya sha kwana, sai ga shi a gaban wani gini na baƙin dutse. Tagoginsa dogaye ne masu tsini, babu gilashi ko ɗaya. Hasumiyar ta tashi ta tashi sannan ta tsaya a gutsure. Ya ga gicciye a kan ƙofa ya gane coci ne. A rayuwarsa bai taɓa shiga coci ba, kuma ba don ibada ko sha'awa ya nufi wannan ba. Ya dai ga ƙofa a buɗe da benci a ciki, ƙafafunsa kuma sun gaji.

A bakin ƙofar ya tsaya. Ko na waye, ɗakin ibada ne, kuma shi ba a koya masa shiga ɗakin ibada da takalmi ba. Ya tuɓe su, ya jera su a gefen dokin ƙofa, ya shiga da safa.

Sai da sanyin dutse ya ratsa safar ya ɗaga kai, ya ga ashe babu rufi. Bango huɗu ne da sararin sama, yayyafi yana sauka a tsakiyar ɗakin yadda yake sauka a titi. Wata ciyawa mai yaɗo ta rufe rabin bango guda. Inda ya kamata a ce limaminsu yake tsayawa akwai gicciye na gumaguman katako biyu da suka ƙone, a ƙasansa kyandirori cikin ƙananan kofuna ja. Mutane biyar ko shida ne a ciki, kowa da takalminsa, ba mai magana.

Akwai allon ƙarfe a jikin bango. Ya ɗora masa kyamarar waya ta juya masa rubutun zuwa Larabci. Wai a yaƙin duniya na biyu jiragen sama suka yi wa garin ruwan wuta, cocin ya ƙone tare da unguwannin da ke kewaye da shi. Bayan yaƙi aka sake gina garin, amma mutanen gari suka yanke shawarar barin wannan a yadda yake, don tunawa da waɗanda suka mutu.

Idris ya karanta sau biyu. Sannan, da yake mai sana'a ba ya barin halinsa a gida, ya matsa ya fara duba aiki. Nan ne abin ya ɗaure masa kai. Ginin ba yasasshe ba ne. An bi saman bangon an shafe shi don kada ruwa ya shiga tsakanin duwatsu. An ɗaure tagogi da ƙarafa ta baya. Inda dutse ya zube an cike gurbin da sabo, amma sabon fari ne tas, ba a ko yi ƙoƙarin rina shi ya saje da tsohon ba, daga nesa kana ganin inda aka yi faci. Ramukan da ɓaraguzan bam suka huda kuwa an bar su, har an share cikinsu. Ya sa yatsa a ɗaya, ya shige har gaɓa ta biyu. Wato shekara da shekaru akwai magina da ake kira su zo su yi aiki tuƙuru don ginin ya ci gaba da tsayuwa a karye. Ya ji haushin abin har cikin ransa. A ganinsa, wanda ya iya wannan ɗaurin ƙarfe ya iya ɗora rufi, kuma barin rauni a buɗe ga mai wucewa rashin sutura ne.

Duk da haka ya zauna a bencin ya fi rabin sa'a. Ƙasar maƙabarta tana nan a ƙarƙashin farcensa. Bai yi kuka ba, bai yi addu'a ba, ya dai zauna ruwa yana jiƙa masa hula.

Da ya fito sai ya tarar da mutum uku tsaye a kan takalmansa. Biyu suna ɗaukar hoto. Ta ukun wata tsohuwar Baturiya ce mai jan keken cefane, ta sunkuya da ƙyar ta ajiye farin fure guda a kan takalmin, ta gyara masa zama, ta tsaya shiru kanta a ƙasa. Wani ma ya riga ya ɗauko kyandir daga ciki ya ajiye a gefe. Idris ya tsaya da jiƙaƙƙiyar safa bai san abin yi ba. Ya yi gyaran murya, ya nuna takalman, ya nuna ƙafafunsa. Tsohuwar ta dubi ƙafafun, ta dube shi, fuskarta ta yi ja, ta yi ta magana da harshensu tana dafa ƙirji. Ya ce mata ba komai da Larabci, ya miƙa mata furenta. Ta ƙi karɓa. Ya rasa inda zai kai shi, ya ajiye a kan dokin ƙofar ya zura takalmansa ya tafi.

A asibiti ya sami Shafi'u a farke, yana kallon inda bargo ya kwanta shafe a gefen hagu. Idris ya ja kujera ya shimfiɗa masa shirin da ya ƙulla a hanya.

"Yaya, ba za mu gaya wa Ummi ba. Za mu ce ƙafar ta warke amma ba ƙarfi, shi ya sa kake dogara sanduna. Wata huɗu a sa maka ta roba, shi ke nan."

"Ummi ba yarinya ba ce," in ji Shafi'u.

"Tana da hawan jini. Kuma ba gani take ba, ba taɓa ka take ba. Takalmi kawai take taɓawa, takalmi kuwa aikina ne."

Mutumin da aka yanke wa ƙafa shekaranjiya ba shi da ƙarfin gardama da Idris, wanda masu ƙafa biyu ma suke haƙura su bar masa. Shafi'u ya ce, "Ka yi yadda ka gani."

Suka dawo Jidda bayan wata ɗaya da rabi. Aka ja kunnen kowa a gidan, manya da yara. Idris ya ɗauki takalmin hagu na sabon ɗinkin ya kai shago ya yi masa aikin da bai taɓa yi wa wani takalmi ba: ya tsufar da shi. Ya ci ƙasansa da samfefa ta gefen waje, yadda Shafi'u ke cin takalmi. Ya bubbuga gurbin diddige da guduma har ya lotsa. Ya shafa masa man hannu, ya turmuza shi a ƙurar bakin shago. Da ya jera shi da na dama, shi kansa sai da ya yaba wa kansa.

Juma'ar farko Shafi'u ya hau matakala uku na gidan da sanduna, ya tuɓe na dama. Idris ya zaro na hagu daga leda ya ajiye a gefensa. Hajiya Mastura ta fito ta yi wa ɗanta barka da dawowa daga nesa, yadda ta saba, fuskarta na kallon bango. Sannan ta durƙusa a bakin ƙofa. Idris yana tsaye yana kallon hannunta. Ta goge na dama, ta goge na hagu, ta juya su. Ta ɗan jima a durƙushe, amma tsohuwa ce, tashi yana yi mata wuya. Ta ce, "Yayanka ya zo." Idris ya saki numfashi.

Juma'a ta biyu ma haka. Kafin ta uku ya ƙara wa na hagun samfefa kaɗan, don na dama ya fara gaba.

Ran Juma'a ta ukun an yi shinkafa da kifi. An zauna a ƙasa ana ci, uwar tana can gefe a kan dardumarta, ta ce ta ƙoshi tun ba ta kai loma biyar ba. Tun dawowarsu hira ba ta tsayawa a falon nan, kowa yana tauna maganarsa kafin ya fitar. Shiru kuma ɓaraka ce a wurin Idris, sai ya ɗauko labarin cocin don ya toshe ta. Ya iya ba da labari. Ya kwatanta hasumiyar da ta gutsure, da ruwan sama a tsakiyar ɗaki. Ya ce an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to waɗannan nasu ɗakin duka yoyo ne kuma sun sani sun bar shi. Aka yi dariya. Ya kawo zancen tsohuwa da furenta, ya kwaikwayi yadda ta sunkuya, dariyar ta ƙaru, har Shafi'u ya murmusa.

Hajiya Mastura ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kanisar nan, cocin da kake faɗa, ba su da abin gyara ta ne?"

"Suna da shi, Ummi. Wallahi aikin da suka kashe don ta zauna haka ya isa a gina sabuwa. Da gangan suka bari."

"Mutane suna zuwa?"

"Suna zuwa. Su tsaya, su yi shiru, su tafi."

"Ita matar, me ta ɗauka takalmanka?"

"Ta zaci na wani ne da ya mutu a yaƙin, aka ajiye don tunawa."

Tsohuwar ta ja carbinta ƙwaya biyu ko uku. Ta ce, "To ai ta fi ka hankali, Idrisu. Ta ga takalmi babu ƙafa a ciki, ta tsaya ta yi masa ta'aziyya. Ni Juma'a uku ke nan ina goge nawa, ka hana ni."

Babu wanda ya sake kai hannu faranti.

"Ummi," in ji Idris.

"Aikinka ya yi kyau. Da ubanka yana nan da ya yaba. Ka ci ƙasan daidai, ka lotsa diddigen daidai." Muryarta ba ta tashi ba. "Amma wanda aka tuɓe yanzu da ɗumi yake, da danshin gumi. Na dama da ɗumi. Na hagu sanyi ƙalau, yana warin leda. Tun ranar farko na ji. Na yi shiru in ga ko cikinku akwai wanda zai tuna ni na haifi ƙafar nan."

Kunya ta rufe Idris, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya so ya ce hawan jini, ya so ya ce alkawarin da ya yi mata. Ya duba ya ga duk cikin uzurorin nan babu wanda zai riƙe ɗinki.

"An binne ta?" ta tambaya.

"Na binne ta da hannuna, cikin Musulmi. Na sa mata ƙyalle fari."

"To, ka yi abin kirki guda ɗaya."

Ta ajiye carbin. Ba ta miƙe ba, da gwiwa ta taho, tana lalube a gefen ledar cin abinci, jikoki suna janye kofuna daga gabanta. Ta wuce Idris. Ta isa inda ba ta taɓa zama ba, dab da babban ɗanta. Shafi'u ya dubi ƙaninsa, sannan ya sa hannu ya ɗage thobinsa, doguwar rigarsa, zuwa gwiwa, ya warware bandejin da kansa. Ta sami gwiwar, ta bi ta a hankali zuwa ƙasa har inda ta ƙare. Ta bi layin ɗinkin likita da ɗan yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ta rufe wurin da tafukanta biyu.

"Shafi'u," ta ce. "Sannu, Shafi'u."

Shekararsa hamsin da takwas, ranar ya fara jin sunansa a bakinta. Ya kifa fuska a kafaɗarta ya yi kukan da bai yi a Jamus ba, ita ma ta yi nata, ba wanda ya ce su yi haƙuri. Idris ya buɗe baki sau ɗaya, don halinsa ne, sai ya rufe.

Da la'asar, Shafi'u zai tafi, uwar ta ce a miƙo mata takalmin hagun. Ta shiga da shi ɗakinta, ba ta gaya wa kowa inda ta ajiye ba.

Juma'ar da ta biyo, Idris ya bar ledar a shago. Shafi'u ya hau matakala ya tuɓe takalminsa guda ɗaya a bakin falo, tsakanin na yara da na baƙi. Hajiya Mastura ta fito da lalube, ta durƙusa, ta same shi. Ta goge shi da gefen mayafi, ta juya shi ya fuskanci ƙofa.

"Yayanka ya zo," ta ce wa Idris. "Ka sa masa matashi a nan kusa da ni."